Yarona ba ya magana, sati uku yana kuka yana dukan kuncinsa

Maman Sadiq, Kurna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe a gidan nan ina karatu ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya fi ƙarfina. Yarona shekararsa 7, yana da lalurar nan da ake cewa galahanga, a katinsa na asibiti CP aka rubuta, wai raunin ƙwaƙwalwa ne da ke taɓa motsin jiki. Ba ya tafiya, ba ya magana, amma ya san kowa, in babansa ya dawo tun daga ƙarar babur yake fara dariya. Sati uku ke nan ba ma runtsawa. Da an idar da isha'i zai fara kuka, yana dukan kuncinsa na hagu, yana cizon bayan hannunsa. Kokon da yake shanye kofi guda, yanzu cokali uku zai kau da kai. Bakin yana wari, dasashinsa ya kumbura ya hau kan haƙoran gaba har ya kusa rufe su. In na kawo buroshi sai ya datse baki, ranar nan yatsana ya kama sai da na yi ƙwalla. Surukata ta ce mutanensa ne suka motsa, a kai shi a yi masa hayaƙi. Mai kemis ya ba ni sirop na zazzaɓi. Ni kuwa raina yana ba ni ciwon a bakin yake. Yana shan maganin jijjiga safe da dare tun yana shekara 2. Dan Allah wanda ya san wani abu ya taimaka min.

Ummu Hanif, Dorayi:
Allah sarki Maman Sadiq. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da aljanna. Wallahi kamar labarina kike bayarwa.

Hajiyar Yakasai:
'Yata, ki daka kanumfari ki ɗan jiƙa ki danna masa a wajen. Da shi muka tashi. In ba a samu sauƙi ba akwai mai cire tsutsar haƙori, hayaƙi yake yi ki ga tsutsar tana faɗowa a kwano.

Baban Ilham, Sheka:
Ni ina ganin maganin jijjigar nan ne. 'Yata ma haka dasashinta ya yi, wani ya ce min maganin ne ke kawo shi. Ki ɗan dakatar da shi na sati biyu ki gani.

Anti Nas:
A'a Baban Ilham, dan girman Allah kar ka sake ba wani wannan shawarar. Maman Sadiq, KAR ki tsayar da maganin ko na kwana ɗaya. Yaron da ya shekara 5 a kan maganin jijjiga, in aka yanke masa farat ɗaya zai iya shiga jijjigar da ba ta tsayawa, mun sha karɓar irinsu da tsakar dare. Likitan da ya rubuta shi ne kaɗai zai rage ko ya canza. Bari in kira Dakta ya shigo.

Baban Ilham, Sheka:
To Anti, ai ban ce ta zubar da shi ba. Amma na ji.

Dakta, likitan haƙori:
Wa alaikumus salam. Maman Sadiq, ba zan iya yanke miki hukunci ta waya ba, amma abin da kika lissafa, kukan da ke tsananta da dare, dukan ɓangare guda na fuska, ƙin abinci da warin baki, duk likitan haƙori da ya ji wannan turmin ciki zai fara dubawa. Yaro mai baki zai ce Mama haƙorina, a kai shi a rana ta biyu. Shi kuma da hannunsa yake gaya miki, sai a ce halin ciwonsa ne. Wannan shi ya fi ci min rai a aikin nan: a kawo yaro bayan wata da watanni, komai ya riga ya lalace, saboda duk abin da ya yi an jingina shi da lalurar.

Kafin komai, ki duba min abu uku yanzu. Kuncin ya kumbura sosai? Akwai zazzaɓi? Kumburin ya gangara ƙarƙashin haɓa ko ya hau wajen ido? In ɗaya daga ciki ya tabbata, musamman in yana wahalar numfashi ko haɗiya, ba maganar jiran safiya ba ce, sashen gaggawa na yara za ki nufa.

Baban Ilham yana da rabin gaskiya. Akwai maganin farfaɗiya, musamman wanda ake kira fenitoyin, da yake sa dasashi ya yi kauri ya hau kan haƙori. Sai dai dattin da ke taruwa a gindin haƙori shi ke ƙara hura wutar, bakin da ake gogewa kullum ba ya kumbura kamar wanda aka bari. Don haka ki ɗauki kwalin maganin ki tafi da shi, mu mu wanke bakin, likitan ƙwaƙwalwar yara kuma ya duba ko za a iya canza masa wani.

Hajiya, da girmamawa, babu tsutsa a haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna cin sukarin da ya maƙale suna fitar da tsami, tsamin ya riƙa cin haƙorin har ya yi kogo. Kanumfari yana ɗan lafar da zafi ga babba, amma ba ya cike kogo, kuma yaron da haɗiya ke ba wa wahala zai iya ƙwarewa da garin.

Hajiyar Yakasai:
To Likita, ni dai da idona na ga tsutsar. Amma ku ne masu ilimin.

Maman Sadiq, Kurna:
Dakta na gode. Na taɓa jikinsa ba zafi, kuncin ya ɗan tasa kaɗan in an lura sosai. Na haska da fitilar waya lokacin da yake kuka, can ciki na ga wani haƙori ya yi baƙi. Amma ai na nono ne ko? Surukata cewa take ai zai faɗi da kansa.

Dakta, likitan haƙori:
Tunda kuncin ya fara tasawa, gobe da sassafe ki fita, kar ki ƙara kwana. Maganar na nono kuma, nan ne iyaye da yawa suke tafka asara. Haƙoran nono 20 ne, na girma 32. A wajen shekara 6 turmin farko na girma yake fitowa can bayan na nono, ba tare da wani ya faɗi ba, shi ya sa ake ɗauka na nono ne. Ɗan shekara 7 yana da su, kuma in suka tafi babu wasu a madadinsu. Ko da na nonon ne ma, turmin nono sai wajen shekara 10 zuwa 12 yake faɗuwa. Wa zai iya jiran shekara 3 da ciwon haƙori?

Malam na Gwale:
Ina so in yi magana a kan batun "mutanensa". Addu'a da ruƙiya ta shari'a ba su hana zuwa asibiti, neman magani ma umarni ne. Amma turara wa yaro hayaƙi a rufe shi da bargo, yaron da ƙirjinsa ba shi da ƙarfi, wannan cutarwa ce. Kuma mu ji tsoron Allah mu daina kiran yaran nan 'yan ruwa. Har yanzu akwai inda ake cewa a kai su bakin kogi wai za su rikiɗa su koma maciji. Ɗan Adam ne, amana ne a hannunmu.

Anti Nas:
Allah ya saka Malam. Bari in ɗan faɗi abin da lalurar take, don na ga ana haɗa ta da shan inna, wasu kuma duk yaron da ya bambanta da sauran sai su ce galahanga, ko da matsalarsa daban ce. Shan inna ƙwayar cuta ce da ake yi wa rigakafi. CP kuwa rauni ne da ƙwaƙwalwa ta samu tun tana tsirowa, a ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon rayuwa, sai ya taɓa sashen da ke sarrafa motsi. Ba a ɗauka, kuma raunin ba ya ƙaruwa, sai dai gaɓoɓi su ƙage in ba a motsa su. A duniya ana ƙiyasta yara 2 zuwa 3 cikin kowane 1,000. Tun wajen 1861 wani likitan ƙashi a Ingila, William Little, ya danganta ta da wahalar haihuwa da haihuwar bakwaini.

Mu a nan abin da muka fi gani: doguwar naƙuda a gida har jariri ya fito bai yi kuka ba, shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani, sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Shawarar nan ita ta fi ba ni takaici don ana iya tare ta. Jariri ya yi ɗorawa, a ce a shanya shi a hantsi a ba shi ruwan gulukos, ana jiran suna. Kafin ranar sunan ya daina kama nono, yana banƙarewa. Da an kawo shi da wuri sau da yawa fitila ce ta musamman kawai za a sa shi a ƙarƙashi. Kuma masu jego ku raba kayan jarirai da kafur, akwai jariran da yake fasa musu jini ya kawo shawarar.

Ummu Hanif, Dorayi:
Anti kin taɓo min inda yake min ciwo. Nawa shawara ce ta kama shi a kwana na 4. Da haƙoransa suka fito wani launi suka yi kamar kore-kore, dangin babansa suka ce alamar iska ce. Na kusa yarda wallahi.

Dakta, likitan haƙori:
Ummu Hanif, wannan sanannen abu ne. Launin shawarar ne ya shiga haƙoran nono lokacin da suke ƙulluwa a cikin dasashi. Goga ba ta fitar da shi, kar ki wahalar da shi da gawayi ko toka. Yawanci na girma suna fitowa da launi mai kyau. Sai dai yaran da suka sha wuya a jarirta sau da yawa ɓawon haƙorinsu ba ya yin ƙwari, kogo yana saurin kama shi, shi ya sa nasu ke buƙatar kulawa fiye da na sauran yara.

Ɗan Fagge:
Salam. Ni ba uba ba ne, ni ne mai lalurar da kaina. Shekarata 26, hannuna na dama da ƙafata a ƙage suke, maganata tana fita a hankali, amma ina sayar da kayan waya kuma ni nake riƙe lissafin shagon. Rubutun nan da babban yatsan hagu nake yi, ku yi haƙuri in na daɗe.

Abu biyu. Na farko, Maman Sadiq, kika ce yana gane kowa. To ki riƙa gaya masa abin da za ki yi kafin ki yi. Ina tuna yadda ake danne ni mutum uku a tura min abu a baki ba wanda ya ce min ci kanka. Tsoro shi yake ƙara sandarar da jiki. In na firgita haƙorana datsewa suke ba da son raina ba, kamar ba nawa ba. Yatsanki da ya kama ba mugunta ba ce, shi ma ba zai iya saki ba sai jikin ya saki.

Na biyu, ga likitoci. Na taɓa zuwa wani asibiti cire haƙori, likitan yana ta tambayar ƙanina "me ke damunsa", ni ina zaune a gabansa. Ƙanina ɗan sakandare ne a lokacin, ni na biya kuɗin adaidaitar da ta kawo mu. Ku tambaye mu, ku ɗan jira amsar.

Buroshina kuwa, robar hannun keke na zura masa a gindi, na saya a wajen mai gyaran keke. Yanzu yana cika min hannu, ba ya zamewa.

Dakta, likitan haƙori:
Ɗan Fagge, na karɓi gyara a madadin abokan aikina. Dabarar robar keken nan kuma zan ara.

Hajiyar Yakasai:
Allah ya yi maka albarka yaro. Ka sa ni kuka.

Mai Gashin Ƙashi:
Bari in shigo ta ɓangarena, don rabin matsalar goge baki ta zama ce. Maman Sadiq, kar ki kwantar da shi rigingine kansa ya lanƙwasa baya. In kan ya koma baya jikin gaba ɗaya banƙarewa yake, kuma miyau ya tafi hanyar numfashi. Ki zauna a tabarma ki jingina da bango, ki zaunar da shi tsakanin ƙafafunki bayansa a ƙirjinki, gwiwoyinsa a ɗan naɗe. Hannunki ɗaya ya zagayo ya tallafi haɓarsa, kan ya ɗan sunkuyo gaba kaɗan. Ta baya za ki goge, kamar yadda kike goge naki. Kafin ki sa buroshi ki ɗan shafa kumatunsa da leɓensa da hannu, ki yi masa waƙar da ya saba, jikin ya san abin da ke zuwa.

Dakta, likitan haƙori:
Daidai. In ƙara a kan nata. Buroshin yara ƙarami mai laushi. Makilin mai fulorayid, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori, ki duba jikin kwalin. Tunda ba ya iya tofarwa, ɗan shafe kamar ƙwayar shinkafa ya isa, in kin gama ki share kumfar da tsumma mai tsabta. Kar ki zuba masa ruwa a baki wai kurkura.

Ga wani abu da iyaye ba su lura da shi ba: ko ya datse baki, za ki iya ja kuncin gefe da yatsa ki goge bayan haƙoran ta waje, har turmin ciki. Nan ne ma abinci ya fi taruwa, za ki tarar da ragowar tuwo ko biskit a lungun kunci tun na rana. Ki fara da nan. In ya ciji buroshin kar ki ja, ki tsaya cak, zai saki. Don cikin kuma, ki roƙi 'yan katakon nan da ake danne harshe da su a asibiti, ki haɗa 4 ko 5, ki naɗe da bandeji ki ɗaure da filasta, ki sa a gefe guda tsakanin turame ya ciza, ki goge ɗaya gefen. Ban da cokali, ƙarfe yana fasa haƙori. Ban da yatsa.

Na dare shi ne mafi muhimmanci, kuma a bayan magani, ba kafinsa ba. Sirop da yawa sukari ne a ciki, a ba yaro ya kwana da shi a baki shekara da shekaru. In kuma yana yawan tumbuɗi, kar ki goge nan take, ki share da jiƙaƙƙen tsumma ki jira kamar minti 30, don tsamin ciki yana tausasa ɓawon haƙori.

Malam na Gwale:
Likita, asuwaki fa? Ni a ganina ya fi buroshi.

Dakta, likitan haƙori:
Malam, ga mai iya riƙe shi ya tofar, asuwaki yana da kyau ƙwarai. Ga yaron da ke datse baki da ƙarfi, zai iya gutsure shi, zaren ya tafi maƙogwaro. Kuma ɗan fulorayid ɗin da ke cikinsa bai kai na makilin ba. Shi Sadiq a bar shi a buroshi.

Maman Sadiq, Kurna:
Innalillahi, ni kullum sai na cika wa kokonsa sukari don ya yarda ya sha, da dare kuma in ba shi madara a fida ya yi barci da ita. Ashe ni nake kashe masa haƙori.

Ummu Hanif, Dorayi:
Haba, kar ki ɗora wa kanki. Yaron da cin abincinsa yake ɗaukar awa guda, wace uwa ce ba za ta sa sukari ba don ya haɗiye? Ni rage shi na riƙa yi kaɗan-kaɗan, ina sa ƙuli-ƙuli dakakke ko madara a kunun don ya yi daɗi. Sati biyu ya yi min bore, daga baya ya saba.

Baban Ilham, Sheka:
Duk wannan na gida ne. Ku faɗa mana gaskiyar asibiti. Na kai 'yata wani asibitin kuɗi, suna ganinta a kafaɗata suka ce ba sa taɓa irin waɗannan. Wani wajen aka ce sai an yi mata allurar barci gaba ɗaya, kuɗin da aka faɗa ya fi abin da nake samu a wata. Kuma ni tsoron barcin nan nake, an ce wasu ba sa farkawa. Saboda haƙori zan kai ta ga halaka?

Anti Nas:
Tsoronka ba na banza ba ne. Yaran nan suna da tumbuɗi, ƙirjinsu yana saurin kamuwa, ga jijjiga, don haka barcin ya fi na sauran yara buƙatar shiri. Shi ya sa ba a yin sa a ɗan shago. Sai inda akwai likitan sa barci da kayan aiki da gadon kwanciya. Amma ka sa ɗaya gefen ma a sikeli. Ruɓaɓɓen haƙori yana hana ci, yaro ya rame, kuma dattin bakin nan in yana ƙwarewa da miyau huhu yake tafiya ya zama limoniya.

Dakta, likitan haƙori:
Kuma ba kowa ake sa wa barci ba. Da yawa muna yi musu wanki da ciko a zaune, wani a kan kekensa, wani a cinyar uwarsa, da safe kafin ya gaji, a taƙaice, a dawo wani zuwan. Barci sai in aikin ya yi yawa ko motsin ba zai bari a yi lafiya ba, sai a haɗa komai a yi a zama ɗaya. Wanda ake kawowa duk wata 6, ko ma wata 3 in likita ya ga dama, da wuya ya kai ga wannan. A Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya yana da sashen haƙori, a nan ɗaliban haƙori na Jami'ar Bayero suke koyon aiki, kuma likitocin yara suna wuri guda. Gashin ƙashi kuma akwai a can, akwai a Asibitin Ƙashi na Dala.

Baban Ilham, Sheka:
Duk wata 3 Dakta? Ka san nawa ne shatar adaidaita daga Sheka, ga yarinya 'yar shekara 9 da sai an saɓa? Ranar kuma ba kasuwa.

Dakta, likitan haƙori:
Na sani, ba zan yi maka musu ba. Abin da zan ce, ka nemi a haɗa maka ranar da ta ganin likitan jijjiga, fita ɗaya ta biya biyu. Ka faɗa musu a fili, sau da yawa ana iya daidaitawa.

Mai Gashin Ƙashi:
Tunda an taɓo miyau: dalalar da suke yi ba yawan miyau ba ne, haɗiyewa ce ba ta zuwa akai-akai, ga kai a sunkuye da baki a buɗe. Gyaran zama yana ragewa. In kuma ta ƙaru farat ɗaya, a leƙa bakin.

Ummu Hanif, Dorayi:
Nawa kuma gurza haƙora yake da dare, ƙurus-ƙurus har maƙwabciyar ɗaki tana ji. Sun fara lafewa.

Dakta, likitan haƙori:
Yana da yawa a cikinsu. Ki kawo shi a gani, kar ki sayi robar baki a kasuwa ki sa masa, za ta iya zamewa ta toshe masa numfashi.

Ɗan Fagge:
Ranar 6 ga Oktoba ce ranar masu lalurarmu ta duniya. Da za a samu likitocin haƙori ko biyu su zo su duba yara kyauta a ranar, ni zan kawo kujeru.

Maman Sadiq, Kurna:
Salam 'yan uwa, ku yi haƙuri kwana 5 shiru. Mun je. Turame biyu ne suka yi kogo, na hagun har ya tara ruwa a gindi, shi ne na girman da Dakta ya faɗa. An ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta da na zafi, an ba mu ranar da za a yi aikin, sun ce sai likitan sa barci ya fara duba ƙirjinsa. Kwalin maganin ma na nuna, fenitoyin ɗin ne, an tura mu wajen likitansa. Daren jiya ya yi barci tun ƙarfe 10 har asuba, ni ce ma na riƙa tashi ina taɓa shi. Na gwada zaman bangon, ta wajen kawai na samu na goge, cikin bai bari ba tukuna. Surukata ce ta riƙe min fitila, da ta ga abin da ya fito daga lungun kuncin sai ta yi shiru, da safe ta aiki yaro ya sayo ƙaramin buroshi na biyu.

Tambaya ɗaya Anti. Sun ce ranar aikin kar ya ci komai tun dare. To maganin jijjigar na safe fa?

Anti Nas:
Alhamdulillah. Yawanci ana ba da shi a kan lokacinsa da ɗan kurɓin ruwa, amma kar ki yi da ka. Ranar da za ku ga likitan sa barcin ki tambaye shi, ki sa ya rubuta miki ƙarfe nawa a bayan katin.